Shekarar da Cinyar Ƙanena Ta Tsotse

A gidanmu na Mandawari ƙanena ne mai ƙafa. Mu sauran ma muna da ƙafafu, amma namu na zuwa kasuwa ne da masallaci. Tasa ce ake zama a yi hira a kanta. Tun yana firamare yake buga ƙwallo a lungu yana ɓarar wa masu talla da faranti, har ya girma ya zama ɗan gaba a kulob ɗin unguwa. Samari suka laƙaba masa sunan wani ɗan wasan Turai, sunan ya bi shi har ya kusa danne na yanka. Ba zan faɗi sunan ba, don mai shi bai yi mini laifin komai ba.

Ni ne yayansa, kuma a lokacin ɗakinmu ɗaya, shagon da ke jikin soro. Ina koyarwa a makarantar firamare, gwiwata kuwa ba ta taɓa yin aikin da ya wuce tada babur ba. Saboda haka na sha kallon cinyoyin nan nasa fiye da yadda raina yake so. Kullum da safe sai ya tsaya gaban wani tsagin madubi da ya jingine a bango, ya naɗe gajeren wando, ya ɗaure tsoka, ya mari cinyar da tafin hannu.

"Yaya, taɓa ka ji," haka yake cewa. "Turmi ne."

Ni kuma in ce masa turmi dai a tsakar gida yake kwana, ban taɓa jin an kai shi Turai ba.

A bakin lungunmu akwai dakali kusa da mai shayi, nan majalisar samari take. Su ne suka kai shi Turai tun bai mallaki fasfo ba. Sun zaɓa masa kulob, sun zaɓa masa lambar riga, har sun fara rigima a kan wanda zai bi shi ya riƙe masa jaka. Uban wannan zuga shi ne Koci, mai horar da kulob ɗin unguwa, wanda da rana gyaran janareta yake yi, da yamma ya wanke baƙin mai ya rataya usur ya zama wani mutum daban.

Ranar da abin ya faru ina wurin, ba don son ƙwallo ba, sai don ya ce in zo da babur in mayar da shi gida. Wasa ne da wata unguwa ta Gwale, a wani fili mai tsakuwa kusa da ganuwa. Ya karɓi ƙwallo, ya dasa ƙafar dama zai juya, sai jikin ya juya, ƙafar ta ƙi bin sa. Waɗanda ke kusa sun ce sun ji ƙara, ƙas, kamar an karya kara. Ya faɗi yana riƙe da gwiwa yana kiran Umma, shi da ko aike ba ya yarda ta yi masa a gaban abokai. Kafin mu isa gida gwiwar ta kumbura ta zama kabewa.

Da yake babu wanda ya taɓa shi, majalisa ba ta ɓata lokaci ba. Jifa ne. Wani ya rantse ya ga golan waccan unguwar yana binne wani abu a gindin raga. Wani ya ce kambun baka ne, yabo ya yi yawa, bai kuma tsaya ya tuna daga bakin su wa yabon yake fitowa ba.

Umma ta aika aka kira mai ɗori, wani dattijo mai sanyin hannu har sai ya kama ka. Ya shafa, ya yi tofi, ya ce targaɗe ne. Aka danne yaron, dattijon ya ja ƙafar, ihun ya kai bakin titi. Ba raina masu ɗori nake yi ba, na ga karayar da suka ɗora ta haɗe lafiya. Amma a nan babu abin da ya karye, balle a ɗora. Bayan wasu makonni kumburin ya saɓe don kansa, ƙanena ya fara takawa, majalisa ta ce ya warke, an karya asiri.

Sai dai gwiwar ta koyi wani sabon hali. Yana cikin tafiya lafiya lau sai ta zame ta lanƙwashe ba sallama. Ta kayar da shi a bakin kwata. Ta kayar da shi wajen saukowa daga dakali. Ran nan ta kayar da shi a tsakar gida yana ɗauke da kwanon tuwon Baba, miyar kuka ta yi fallatsi har jikin bango. Wannan tuwon ne ya sa Umma ta yarda a tafi asibiti.

Hoton ƙashi ya nuna komai ƙalau. Sai da aka tura shi cikin wata na'ura mai rami da ƙara sannan aka ga ɓarnar. Likitan ƙashi ya nuna mana a allo, ya ce akwai wata jijiya a tsakiyar gwiwa da ke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri kada su zame wa juna, ita ce ta tsinke, kuma ba ta haɗewa da kanta. Za a yanko wata jijiyar daga jikinsa a dasa a gurbinta.

Da labari ya isa majalisa, Koci ya yi bayanin da kowa ya gane. Ya ce wannan ai canjin sifiyar janareta ne, ka cire tsohuwa ka sa sabuwa, ka ja igiya inji ya tashi. Likitan kuwa, a gabana, sai da ya maimaita wa ƙanena cewa tiyatar ita ce mai sauƙi, babban aikin yana bayanta, kuma na cinyarsa ne. Na ji wannan magana. Ƙanena bai ji ba, yana tambaya ko zai samu ya buga gasar bayan salla.

An yi aikin lafiya. Ya dawo gida da sanduna biyu da wani ƙarfe mai maɗauri da ya rungume ƙafar tun daga cinya har ƙwauri. Masu dubiya suka yi ta shigowa shagonmu da lemo da ayaba da shawara. Sai da muka koma asibiti aka kwance komai aka bar ƙafar tsirara, sannan muka ga abin da ba wanda ya yi mana tanadinsa. Cinyar hagu tana nan yadda take. Ta dama kuwa ta tsotse, ta zama kamar sandar rake an jingine ta kusa da turmi. Ɗan naman da ya rage ya saki, yana reto kamar matashin kai da aka zare wa auduga.

Ya daɗe yana kallon ta. Can ya ɗaga kai ya tambayi likita, da gaske, ko sun rage naman ne wajen aiki. Da muka dawo gida Umma ta gani, ita ba tambaya ta yi ba, hukunci ta yanke. Ta ce dama an gaya mata ba a shiga ɗakin tiyata a fito cikakke. A daren ya juya madubin nan ya kalli bango.

Da aka ce za a fara masa gashin ƙashi a asibiti sai ya ɗan saki rai. A tunaninsa kwanciya zai yi a kunna masa fitila mai zafi a shafa masa mai ana juya shi kamar tsire. Ni nake kai shi, saboda haka duk abin da zan faɗa da idona na gani.

Likitan gashi wani ɗan siririn mutum ne mai tabarau, maganarsa ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron tada barci. Ƙanena ya miƙa masa hannu ya gabatar da kansa da sunan fili, yana jiran ya ga ido ya buɗe.

"Ni ba na kallon ƙwallo," in ji likitan gashi. "Kwanta. Miƙe ƙafar nan, ka ɗaga ta sama."

Ƙanena ya yi murmushin wanda aka ce ya ɗauki cokali. Ya kwanta. Ya yunƙura. Ƙafar ba ta motsa ba. Ya cije leɓe, jijiyar wuya ta tashi, kafaɗu suka bar gado, ƙafar hagu ma ta ɗaga don taimako, amma wadda ake magana a kanta tana kwance kamar ta maƙwabci. Gumi ya keto masa. Ya dube ni, na duba silin.

Likitan gashi bai yi dariya ba. Ya ce haka abin yake, ciwo da kumburi da zaman wuri ɗaya su ke sa tsokar gaban cinya ta daina jin kira, in ta daina aiki kuma sai ta zube. Ya ce jijiyar da aka dasa ba za ta iya riƙe gwiwa ita kaɗai ba, gwiwa ƙyaure ce, cinya ce bangon da aka kafe ta. Ya naɗe tawul ya cusa ƙarƙashin gwiwar.

"Danna tawul ɗin da bayan gwiwa. Riƙe. Saki. Haka za ka yi ta yi, a nan da gida, safe da rana da yamma."

"Shi ke nan?" in ji ƙanena. "Likita, wannan ai aikin tsofaffi ne."

Sai wata murya ta fito daga bayan labulen da ya raba gadonsa da na kusa.

"Tsofaffin ma sun wuce nan, ɗan nan. Wane ne wannan tun ɗazu yake ta nishi kamar mai naƙuda?"

Wannan ita ce Hajiya. Wata dattijuwa ce daga Dukawuya mai sayar da turaren wuta, ƙaƙƙarfa, mai haƙorin Makka, wadda aka canza wa gwiwa gaba ɗaya saboda tata ta cinye. Ranakun gashinsu ɗaya ne, lokaci ɗaya. Ba mu san sunanta ba, ita ma ba ta tambayi nasa ba. Ɗan ƙwallo take ce masa, da wata irin murya da ke mayar da kalmar zagi.

Hajiya ba ta da wasa. In an ce ta lanƙwasa gwiwa sai ta lanƙwasa tana salati har hawaye ya zubo, ta share da gefen mayafi ta ce a ƙara. In an sallame ta sai ta tambayi abin da za ta yi a gida, ta kuma yi. Kullum muka zo ta ci gaba. Ta bar keken guragu ta koma sanda mai ƙafa huɗu, ta bar wannan ta koma sanda ɗaya. Kuma duk matakin da ta hau sai ta leƙo ta labule ta sanar.

"Ɗan ƙwallo, yau na hau matakala. Kai fa? Har yanzu kana kokawa da tawul?"

"Hajiya, ai ciwon ba ɗaya ba ne."

"Gaskiya ne. Nawa ƙarfe aka sa mini, ga shekaru. Kai kuma an ce har Turai ake jiran ka. To su yi haƙuri."

Abu ɗaya ne ƙanena yake so a ɗakin gashi, wata 'yar na'ura da ake manna masa wayoyinta a cinya, wuta ta riƙa fizgar tsokar tana motsi da kanta. Wannan ta yi masa. Ya kwanta yana danna waya, inji yana yi masa aiki. Har ya tambaya ko ana sayar da ita a kasuwa. Likitan gashi ya ce na'urar tana tashin tsoka daga barci ne kawai, ba ta yi mata noma.

A gida kuwa wani asibitin aka buɗe. Majalisa ta binciko cewa jijiya ake ci a gyara jijiya, saboda haka Umma ta ɗora tukunyar farfesun ƙafar saniya, ba ta kuma sauke ba. Aka kawo man kaɗanya. Wani ya kawo abu a kwalba ya ce kitsen mesa ne, shagonmu ya yi wari har na koma kwana a soro. Ƙanena ya riƙe farfesu da gaskiya da amana. Tawul kuwa yana rataye a ƙusa, ba ya sauka sai zai yi wanka. Nama ya zo kamar yadda aka yi alkawari, amma ya yi ɓatan hanya. Maimakon cinya, a tumbi ya sauka.

Akwai wulaƙancin da gwiwa ke yi wa mutum wanda ba a faɗa a majalisa. Bayan gidanmu na tsuguno ne, shi kuwa ba ya iya tsugunawa, sai da na je wajen kafinta aka yi masa kujera mai huji, na shigo da ita a lulluɓe cikin buhu. A masallaci kuma ya koma ƙarshen sahu, kan farar kujerar roba, tsakanin wani tsohon liman mai ciwon baya da wani dattijo da ya yi shanyewar ɓarin jiki. Suka karɓe shi hannu biyu, har suna ajiye masa wuri. Amma da zarar mun doso bakin lungu, sai ya miƙe ƙirji ya ɓoye ɗingishi ya ɗaga wa majalisa hannu, su kuma su yi ta kiran sunan nan na Turai.

Duk zuwa likitan gashi sai ya tambaye shi ko yana yin aikin gida, shi kuma ya ce sosai ma. Likitan ba ya musu. Sai ya ciro tef irin na tela ya zagaya cinyar hagu, ya zagaya ta dama, ya mayar da tef aljihu.

"Kai ka ce kana yi," in ji shi. "Ita ta ce ba ka yi."

Duk da haka ƙuruciya ta yi masa rana. Watanni suka wuce, ya ajiye sanduna, ya fara tafiya ba ɗingishi, har yana ɗan sassarfa in hanya miƙaƙƙiya ce. A daidai nan ne Koci ya zo da labarin ejan. Wai wani babban mutum zai zo daga Legas ya duba yara ya ɗebi na ɗiba zuwa waje, kuma wai an riga an ba shi labarin ƙanena. Majalisa ta kama wuta. Irin wannan dama sau ɗaya take zuwa. Wanda ya warke me yake jira?

Ƙanena ya kai maganar ɗakin gashi, yana neman a sa masa albarka. Likitan gashi ya ja layi a ƙasa ya ce ya tsaya da ƙafar hagu kaɗai ya yi tsalle gaba. Ya yi, ya dira daram. Likitan ya ce to da ta dama. Ya tsaya a kanta tana rawa, ya yi wani ɗan tsalle irin na kwaɗo mai mura, ya dira yana tangaɗi sai da ya dafa bango.

"Ba yanzu ba," in ji likitan gashi. "Gudu a miƙe daban, juyi daban. Ranar da ta dama ta kusa kamo ta hagu, ni zan ce ka tafi."

Da Koci ya ji, sai ya yi dariya ya ce mutumin da ya faɗa da bakinsa ba ya kallon ƙwallo, me ya sani game da ƙwallo? Ni ma na faɗi tawa a shago. Ƙanena ya ce, "Yaya, kai fa malamin makaranta ne." Na ce to babur ɗina ba zai kai shi ba. Koci ya zo ya ɗauke shi a nasa. Na bi su daga baya na tsaya can nesa a gindin wata darbejiya.

Ejan ya zo, ba ƙarya. Wani mai ƙiba ne da baƙin tabarau, an kafa masa lema an ajiye masa lemo, waya biyu a hannu. Ƙanena ya shiga fili da sabon takalmi da bandeji mai kauri a gwiwa, rigar ta ɗan ɗame a ciki. Majalisa ta yi ta ihu. Ya taɓa ƙwallo ta farko ya mayar, lafiya. Ta biyu ta zo masa ta baya, dole ya juya. Ya dasa ƙafar dama. Cinyar da za ta riƙe shi ba ta nan. Gwiwar ta lotsa ciki, ya zauna daɓas a tsakiyar fili, shi kaɗai, ba kowa kusa da shi. Wani daga majalisa ya yi wa alƙalin wasa ihu ya busa, sai ya rasa wanda zai nuna, ya sauke hannu.

Na duba wajen lema. Ejan yana magana a waya, ya juya wa fili baya. Bai ga shigarsa ba, bai ga faɗuwarsa ba. A ƙarshe babur ɗina ne dai ya kai shi gida.

Allah ya rufa asiri, jijiyar da aka dasa ba ta tsinke ba. Amma gwiwar ta sake cika da ruwa, sai da aka zuƙe da sirinji, aka mayar da shi kan sanda. Wannan karon majalisa ba ta ce jifa ba ne. Cewa suka yi dama sun faɗa, yaron ya cika gaggawa, ba ya jin magana. Koci ya aiko da gaisuwa ta bakin wani. Kafin wata ya ƙare sun cire sunan nan na Turai sun maƙala wa wani sabon ɗan gaba daga lungun baya. Wata yamma muna zaune a shago aka ƙwala kiran sunan daga waje, ƙanena ya amsa da ƙarfi, sannan ya ji wani ya amsa.

Ranar da muka koma ɗakin gashi ita ce ranar da aka sallami Hajiya. Ta fito daga bayan labule da ƙafarta, ba sanda, jikarta tana riƙe mata jaka. Ta tsaya a kansa yana kwance da tawul ƙarƙashin gwiwa, inda ya faro. Na ɗauka za ta ƙarasa shi.

"An ce ka je ka nuna musu," in ji ta.

Ya ci gaba da danna tawul.

"Ni ka ga abin da ya kawo ni, so nake in yi ɗawafi da ƙafata, kada a tura ni a keke kamar buhun gero. Ba wanda zai tafa mini. Shi ya sa na warke. Kai kuwa 'yan tafi sun yi maka yawa." Ta buɗe jaka ta ciro ƙullin turaren wuta ta ajiye masa a gefen gado. "Ungo, ka turara ɗakinku. Tun daga bayan labule nake jin warin abin da ake shafa maka."

Daga nan ne ya fara aiki, kuma babu abin ba da labari a cikinsa, don aikin gaske ba shi da daɗin kallo. Tawul ya sauko daga ƙusa. Ya ce wa Umma ta huta da farfesu, ta yi fushi kwana biyu, sannan ta ɗinka masa 'yar jaka da tsohon zani ta cika da yashi, yana ɗaurawa a idon sawu yana ɗagawa. Ina tashi in same shi yana yi, in dawo daga makaranta in same shi yana yi. Ya jingina baya da bangon soro ya sauka kamar mai zama a kujerar da babu, cinyar tana karkarwa, yana zagin ta ƙasa-ƙasa. Ya hau dakalin ƙofar gida da ƙafa ɗaya ya sauko, ya hau ya sauko, masu wucewa suna yi masa kallon wanda ya taɓu. Ya ari wani tsohon keke yana zagaya unguwa. Ya daina bi ta bakin lungu, ya koma fita ta baya.

Da likitan gashi ya ba shi izini, sai ya fara hawa matakalar Dala bayan sallar asuba. Na raka shi sau ɗaya, don in ga ko da gaske yake. Ban kai rabi ba na zauna ina haki, ina kallon rufin gidajen birni kamar abin da ya kawo ni ke nan. Ya wuce ni ya hau, ya sauko a hankali, don saukowar ce ke gwada cinya, ya sake wuce ni.

"Yaya, ko in kira maka mai ɗori?" in ji shi.

Wata Juma'a na waiga ƙarshen sahu na ga farar kujerar ba kowa. Yana kusa da ni a ƙasa, ya yi zaman tahiya, ya ɗan karkace amma ya zauna. Bayan sallama tsohon limamin nan ya riƙe masa hannu ya ce sun yi rashin abokin zama.

An haura shekara da yin aikin kafin likitan gashi ya sake jan layi a ƙasa. Ƙanena ya yi tsalle da hagu, ya yi da dama, ya dira ya tsaya cak. Aka sa shi ya yi gefe da gefe, ya yi gudu ya tsaya, ya juya. Likitan ya zagaya cinyoyin da tef, ya daɗe yana dubawa ta saman tabarau.

"Je ka," in ji shi. Iyakar bikin ke nan.

Bai koma wajen Koci ba. Wani ƙaramin kulob ya shiga a can wajen Goron Dutse, inda ba wanda ya san shi da wani suna sai nasa. Na je wasansa na farko. Sai bayan hutun rabin lokaci aka sa shi, kuma a tsakiya, ba a gaba ba. Ya yi ta karɓa yana rabawa, ba gwaninta. Can ƙwallo ta zo masa ta baya. Ya dasa ƙafar dama, ya juya, ya wuce, ya ba wani. Sai ya tsaya a tsakiyar fili yana dariya shi kaɗai, har abokin wasansa ya daka masa tsawa ya koma baya ya tare. An ci su a wasan. Ba wanda ya lura da juyin nan sai ni da shi.

Ya buga wasu shekaru a ƙananan kulob na cikin gari, ya ci ƙwallaye daidai gwargwado, bai taɓa wuce Zariya da sunan wasa ba. Yanzu yana da shagon sayar da riguna da takalman ƙwallo, ya yi aure, yana zaune kusa da gidanmu. Cinyar dama ta dawo, amma in ka san inda za ka duba, har yau ta hagu ta ɗan fi ta.

Wadda ta ci ribar abin duka ita ce Umma. Tun bayan aikin, in hadari zai haɗu gwiwar takan yi masa tsami tun sama tana fari tas. Saboda haka da damina ba ta shanya wanki ko baza kuɓewa a rana sai ta aika gidansa a tambayo mata abin da gwiwa ta ce. In ya ce ba komai, aka kuma yi ruwa ya jiƙa mata kaya, har shago take bin sa da faɗa, a gaban masu ciniki, ta ce duk wahalar da aka sha a kan ƙafar nan, ɗan wannan aikin ma ta kasa yi daidai.